Yadda Za Ka Kwaikwayi Maigida a Shagon Kafinta Ka Tsira da Aikinka

Kai da kake aikin kafinta a ƙarƙashin wani, shaƙiyanci kuma yana cin ka a rai, matso kusa. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka kwaikwayi Maigida, shago ya tuntsire da dariya, gobe kuma ka tarar da gudumarka inda ka bar ta.

1. San sunan abin da za ka yi

Mutane suna cakuɗa shaƙiyanci da rashin kunya, abin yana ba ni haushi. Shaƙiyanci shi ne ka ɗan taɓa wanda kowa ke rusuna wa, a yi dariya, a koma aiki. In aka ce ka tattara kayanka, to rashin kunya ka yi. Aikin ɗaya ne, sakamakon ne ke raɗa masa suna.

2. Zaɓi abin kwaikwayo

Kada ka taɓa tumbinsa, wannan aikin marasa basira ne. Lura da yadda yake karɓar katako. Zai zare fensir daga bayan kunne, ya shinshina itacen, ya lumshe ido, ya ce da muryar nan tasa mai kama da zarto a jiƙaƙƙen itace, "Wannan bai huta ba." Ba wanda ya san inda katako ke hutawa, ba kuma wanda ya taɓa tambaya.

3. Sa a duba maka hanya

Tura Mai Fenti ya leƙa waje. Zai dawo ya ce, "Babur ɗinsa ba ya nan, ya fita. Yi abinka." Masana sun tabbatar mutum ba ya rabuwa da babur ɗinsa.

4. Shiga fili

Lokacin shan shayi, tsaya gaban babban sif ɗin kayan da ake harhaɗawa, don kowa ya gan ka sosai. Ɗauki burodi, shinshina shi, lumshe ido, ka ce, "Wannan bai huta ba." Dogo mai goge katako zai ƙware da shayi har da hawaye. Kada ka yi dariya, ƙara da shinshina takalmin Mai Fenti.

5. Idan ƙofar sif ta buɗe

Af, na manta ban faɗa maka ba a mataki na uku. Maigida yakan ba ƙanensa aron babur, kuma sukurorin sif ta ciki ake ɗaure su. Zai fito da sukundireba a hannu, garin katako a gemu. Dogo zai tuna yana da aiki a bayan shago. Kai kuwa za ka fara tunanin abin da za ka faɗa wa matarka.

Maigida zai ce, "Sake in ji."

Ka ce, "Maigida, wallahi ba da raini ba ne."

"Na ce ka sake."

To sake. Yi shi da kyau, tunda an riga an kama ka.

6. Karɓi ƙarin girma

Zai jinjina kai, ya zaro wayarsa da ke ta ruri a aljihu, ya miƙo maka.

"Surukata ce. Tun bara nake mata alkawarin gyaran kujera. Daga yau kai ne ni a waya."

Gyara murya, ka ce, "Mama, ina wuni? Katakon ne bai huta ba."

Za ta ce, "Kai wane ne, ɗan nan? Surukina bai taɓa riga ni gaisuwa ba. Amma tunda ka ɗauki muryarsa, ɗauki alkawarinsa. Gobe da safe ka zo da gudumarka, kujerun ma shida ne, ga gado yana kuka."

Maigida zai dafa kafaɗarka, ya shinshina ka, ya lumshe ido, ya ce wa Mai Fenti, "Wannan ya huta da yawa."

Hattara

Na yi alkawarin ba za ka rasa aiki ba, ka ga kuwa har ƙari ka samu. Ciwon baya, ranar hutunka da ta salwanta, da lambar wayarka da Mama ta riga ta raba wa ƙawayenta, babu ruwan marubuci. In ka zo ƙorafi, ba na nan, ko da ka ga babur ɗina a waje.