Wankan Kifin Kawu Sule

Mai yiwuwa shekaru sun gauraya mini wasu abubuwa, amma ina jin ba a daɗe da fara kashe naira ba. A bakin kogin Challawa, kusa da Karaye, Kawu Sule ya kamo wani ƙaton kifi, wani masunci daga Zoza kuma ya rantse nasa ya fi nauyi. Aka aro sikelin gyaɗa, aka ce ni da na gama jami'a in raba gardama.

Da na duba kifin Kawu sai na ga laka a jikinsa. Na ce ba zan auna laka a matsayin nama ba, kada a ce na yi son kai.

Kawu ya ce, "Ɗana, auna shi haka nan."

Na ce, "Kawu, amana ce."

Na tsugunna na tsoma shi a ruwa, ban tambayi kowa ko ya mutu ba. Ya kaɗa wutsiya, ya bar ni da laka a hannu.

Mutumin Zoza ya yi ta sa mini albarka. Har yau in na je Karaye sai an tambaye ni, "Malam, akwai wanka yau?"

Wanda ya halarta, don Allah ya aiko mini da gyara. Ni dai ina zaton kifin ya kai laba goma.