Nomau da Gadon Baba Cindo

A Unguwar Marke, bayan mahauta, akwai gidan Baba Cindo, tsohon mahauci wanda ya ajiye wuƙa amma bai ajiye tumbi ba. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Inna Kuluwa, da ɗansu Nomau. Nomau ya yi gemu, ƙarfi kuwa kamar na sa, sai dai duk maganar da ka faɗa masa, yadda ta fito haka yake ɗaukarta, ba ya juya ta ya ga bayanta. Ba mugu ba ne. Amma ni da na yi maƙwabtaka da su, na fi jin tsoron biyayyarsa a kan muguntar wasu.

Wata rana jiri ya kwashi Baba Cindo a ƙofar gida, aka kai shi ɗakin shan magani. Malamar asibitin, Malama Jummala, ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta duba, ta sake dubawa.

"Baba, jininka ya hau sosai," in ji ta. "In bai sauka ba, ina jiye maka shanyewar ɓarin jiki."

Inna Kuluwa ta dafe ƙirji, domin haka yayanta ya kwanta bai sake tashi ba. Nomau kuwa ya matso, ya rage murya.

"Malama, me ya hau? Kuma wa ya ɗora shi?"

"Ba ɗora shi ake yi ba. Yawan gishiri ke kawo shi, da maiƙo, da taba, da ƙiba, da zama wuri ɗaya. Kuma ba ya sallama, kamar ɓarawo yake shigowa."

Ta ba da ƙwayoyi, ta ce a sha kullum. Suna komawa gida Nomau ya sassare tsanin rumbu ya cusa a murhu, don kada jinin ya sami abin ƙara hawa. Sannan ya ɗauko gora ya zauna a zaure, yana hararar duk wanda ya gifta.

Wata rana maƙwabciyarsu Iya Ige ta taho dubiya. Dama Nomau ya sha jin Inna tana cewa Ige ba ta ba da labari sai ta ƙara gishiri. Yana hango ta ya gitta gorarsa.

"Iya, ajiye shi a nan."

"In ajiye me, ɗan nan?"

"Gishirin. Inna ta ce ba kya zuwa gidan kowa sai da shi, kuma yawa kike zubawa."

Iya Ige ta tsaya kamar an dasa ta, sannan ta juya tana tafa hannu. Kafin la'asar unguwa duk ta ji cewa Baba Cindo ya shanye tun daga wuya har ƙafa, an ɓoye shi a ɗaki, an sa ƙato gadi. Nomau ya ce ai ga shi nan, ta tafi da abinta ta zuba wa wasu.

Wanda bai taɓa samun matsala a zauren nan ba shi ne Mantau mai kilishi, aminin Baba tun suna samari. Kullum zai zo cikin babbar riga, tun daga nesa ya rangaɗa sallama har tsuntsaye su tashi. Nomau sai ya janye gora ya ce, "Shiga, Baba Mantau. Wanda nake jira ba ya sallama." Mantau ya shige ɗaki, su turo ƙofa, a yi ta hira ƙasa-ƙasa.

Wata rana aka koma awo, jini yana nan inda yake. Malama Jummala ta ce, "A riƙa motsa jiki, musamman da safe." Baba Cindo ya ce shi ƙafarsa ta gama yawonta tun a kasuwannin shanu. Da gari ya waye yana zaune a bakin gado, sai Nomau ya shigo ya kama kafaɗunsa ya hau jijjigawa, yadda ake kaɗa magarya.

"Kai! Kai! Kashe ni za ka yi?"

"Malama ce ta ce a motsa jiki. Ba ta ce wa zai motsa ba."

Hular Baba ta faɗi, Nomau ya sunkuya zai ɗauko ta a gefen katifa. Nan tsoho ya daka masa wata tsawa da ta fi ta jijjigar. "Kada ka kuskura ka taɓa min gado!" Ko Inna Kuluwa, tun da aka fara ciwon nan, ya hana ta kakkaɓe shimfiɗar.

Haka aka yi ta tafiya, jini ya ƙi sauka, zargi ya cika gidan. Baba ya ce Ige ce ta yi masa baki. Ige ta ce ai ciwon na gidan ne, a bincika ciki. Dangin Baba suka fara cewa wa ya san abin da ake zuba masa a miya. Har Malama Jummala ta ja Inna gefe ta ce, "Inna, tsakaninki da Allah, ba kya ɗan barbaɗa masa?" Wannan tambayar ta yi wa Inna Kuluwa ciwo. Matar da ta daina sa dunƙule a tukunya, ta koma cin lami tare da shi don kada ya ci shi kaɗai, har ta rame. Na gan ta a bakin rijiya tana share hawaye da gefen mayafi, kuma wallahi ta ba ni tausayi. Tsoron ta wayi gari ta ga bakinsa ya karkace ya ishe ta, ga kuma zargi.

Wata rana Inna ta aiki Nomau karɓo magani. Ya tsaya a gaban malama ya ƙi tafiya.

"Malama, na ƙona tsani, na kori mai gishiri, na motsa jiki. Ta ina yake shigowa?"

Malama Jummala ta gaji, ta ce, "Nomau, wani lokacin abin daga gado yake. A gado ake samunsa."

Kowa ya san gadon da take nufi, na iyaye da kakanni. Amma kunnen Nomau gado ɗaya ya sani, mai ƙafa huɗu. Ya zaro ido. "Ashe! Shi ya sa yake hana a taɓa. Gadon ya riga ya shawo kansa!"

Ya dawo ya tarar Baba ya zaga bayi. Bai yi shawara da kowa ba, ya kinkimi gadon da katifarsa da matashinsa, ya ɗora a ka, ya nufi asibiti don a auna shi. Baba Cindo ya fito ya ga ɗaki wayam. Mutumin da ya ce ƙafarsa ta gama yawo, sai ga shi ya tattare riga yana zabga sauri, yana kiran "Ku tare shi!" Inna tana binsa, Iya Ige tana bin Inna, rabin unguwa na bin Iya Ige.

A ƙofar asibiti Nomau ya dire gadon. "Malama, ga shi na kawo. Ɗaura masa abin."

Direwar da ya yi, katifa ta zame, ɗinkin gefenta ya buɗe. Sai ga kilishi a naɗe cikin takarda, ga ƙullin gishiri, ga dunƙule, ga soyayyen nama ya jiƙe auduga da mai, ga batta cike da garin taba. Daga ƙarshe ƙwayoyin magani suka zubo suna gangarawa cikin ƙasa, farare tas, ko ɗaya ba a sha ba. Mantau mai kilishi, da ya biyo taron, ya tuna yana da uzuri a wani wuri.

Baba Cindo ya iso yana haki, ya ga kayansa a fili. Malama Jummala ta zaunar da shi a benci, ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ga Inna Kuluwa ta durƙusa tana tsintar ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ta tara su a tafin hannu, ta miƙe, ta tsaya a gabansa.

"Malam, ni ina cin lami dominka, danginka suna cewa ni ke kashe ka, kai kuma kana kwance a kan wannan?"

Tsohon da unguwa ke shakkar bakinsa ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Kuluwa, ki yafe ni. A ba ni ruwa." Malama ta kawo sabuwar ƙwaya, ya haɗiye a gaban kowa. Sannan ta juya wajen Inna ta nemi gafara, ta kuma kama dantsen Nomau ta ce, "Kai ma kawo hannu. Gadon da nake nufi a jikinka yake." Nomau ya shafa bayansa, ya waiga, bai ga komai ba, ya bar ta ta auna.

Katifar dai ba ta koma gida ba, Inna ta ce a ƙone ta. Baba Cindo ya koma kwana a tabarma, inda ko ƙwayar gero ba ta ɓuya, kuma kowace safiya Inna ce ke tsayawa a kansa har ya haɗiye magani, su taka tare zuwa bakin rafi. Da aka koma awo, Malama Jummala ta duba, ta yi murmushi, ta ce, "Alhamdu lillahi, ya sauka." Inna ta zauna a benci ta rufe fuska da mayafi. Nomau kuwa ko mamaki bai yi ba.

"To da ma," in ji shi. "Mai jinin ya sauko ƙasa, shi jinin a kan me zai zauna?"