Ranar Da Na Fasa Tulun Surukata A Coci

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da Lahadin godiyar kaka ta wata shekara ba, a ɗan cocinmu na ƙauye da ke bayan Kafin Maiyaki. Zamanin mulkin soja ne, lokacin da mai rediyo mai kaset yake tafiya kamar shi ya kafa garin.

Ni manomi ne, ban yi nisa a firamare ba na gudu. 'Yata ta uku, Rifkatu, tana cikin yaran da Malama Saratu take koya wa waƙa a makarantar Lahadi, ita ce mai buga musu tulu. Ga wanda bai sani ba, tulun ƙasa ne irin na ɗebo ruwa, ana dukan bakinsa da soso, sai ya riƙa ba da murya mai kauri a ƙarƙashin waƙa. Tulun kuwa na surukata ne. Ta daɗe tana buga wa matan zumunta shi kafin hannunta ya fara ciwo ta miƙa wa jikarta.

Ana tsakiyar cirar gyaɗa, kullum yamma sai a ce Rifkatu ta tafi koyon waƙa. Na gaji na hana. Malama Saratu ta tako har gida.

"Baban Rifkatu, baiwa Ubangiji ya ba yarinyar nan. Ka bar ta ta koya."

"Malama, me ake koya a dukan tulu? Ko akuyata aka ɗaura wa soso za ta buga. Ni nan da kike gani, in na kasa bugawa, na bar miki yarinyar har ta yi aure."

(Matata tana tankaɗe, ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗenta. Da na fahimci kallon nan da na ja bakina.)

Ran Lahadin nan, coci ya cika maƙil. Ga dammunan dawa a gaba, ga kaji, har da akuyar da wani ya kawo baikon godiya ga Allah an ɗaure ta a bakin ƙofa. Sai Fasto ya tashi, fuskarsa kamar ba shi da wata manufa.

"Yara za su yi mana waƙa. Mai tulunsu babanta ya ba ta hutu, amma na ji labari shi ma gwani ne. Baban Rifkatu, fito."

Na fito da sabuwar babbar rigata. Aka ba ni 'yar kujera irin ta tsakar gida, na sa tulu tsakanin gwiwoyi. Ina ɗago kai sai ga bencin mata a gabana, surukata a tsakiya, matar da tun da na auri 'yarta ban taɓa haɗa ido da ita ba.

Yara suka ɗauki waƙa a hankali, mai sanyi. Ni kuwa kiɗa ɗaya hannuna ya sani a duniya, gangar noma da ake yi mana a gayya. Shi na saki. Yara suka bi ni a guje suna haki, rabinsu sun kai amshi rabi suna farkon baiti. Wani tsoho a baya, wanda ya yi tashen noma a ƙuruciyarsa, ya fara kaɗa kafaɗa, har ya manta inda yake ya ce, "A kama garma, samari!"

Malama Saratu ta juyo tana yi mini hannu ƙasa-ƙasa, wai in sassauta. Ni na ɗauka cewa take in ƙara danna. Na ɗaga hannun da ya saba da garma, na sauke da iya ƙarfina.

Fus! Hannuna ya shige har gwiwar hannu.

Coci ya yi tsit. Can sai akuyar nan ta bakin ƙofa ta yi kuka. Surukata ta gyara ɗankwali ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Fasto, da ita aka ba."

(Ashe maganar akuyata ta zaga gari kaf. Ina zargin mai tankaɗe.)

Ana ta dariya har da masu share hawaye, sai Rifkatu ta taso daga wajen uwarta, ta tsaya gaban yara, ta fara tafi a hankali. Suka kama, suka kai waƙar ƙarshe lafiya, ni ina zaune da wuyan tulu a hannu kamar munduwa.

Wani ɗan ƙanena duk ya ɗauka a kaset. Ran kasuwa na sayo sabon tulu, ina ɗauke da shi a kafaɗa sai na haɗu da maƙwabcina Ja'e yana koro shanu. "Maƙwabci, na ji ka zama makaɗi! Ka zo sunan ɗana, amma sai mun ɓoye ƙorai."

Rifkatu ta koma wajen Malama, alkawari ya ci ni. Kuma in faɗi gaskiya, ni da karatuna bai wuce haɗa baƙi ba, yawancin Maganar Allah da ke kaina daga bakin yarinyar nan na tsince ta, tana wanke-wanke tana rerawa. Yau ita ke koya wa yaran cocin.

Abin da na koya: in ka ga yaro yana abu kamar wasa, koya ya yi, kai ja bakinka. Har yanzu in na shiga coci, jikokina sukan janye tulu su ɓoye shi bayan benci.