Rasuwar Randa, Uwar Riƙon Yis

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tsingaro a hannu, ni Rabi'atu Labbo, malamar kimiyya a Ƙaura Namoda, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar randata, wadda ta cika a tsakiyar bazarar bana ba tare da jinya ba.

Marigayiya haifaffiyar Zurmi ce. Inna Kulu maginiya ta gina ta don ruwan sha, ƙaddara ta kai ta aikin bincike. Na dawo daga karatu da 'yan kwalaben yis, abin nan da ke kumbura burodi. Rabi na asali ne, rabi kuma na sauya musu ƙwayar gado guda don su jure zafi. Wahalata ta shekaru kaf tana cikin kwalaben nan, ba su da madadi. Firjin ofis kuwa, sai an kawo wuta yake tuna aikinsa. Sai na zuba wa marigayiya jiƙaƙƙen yashi, na jera su a cikinta, na rufe da faifai.

Baiwar Allah, ba ta taɓa neman kananzir ba, ba ta taɓa yajin aiki ba. Maganarta duka biyu ce: "ɗis, ɗis" in ta ƙoshi, "ƙwal" in na ƙwanƙwasa ta tana jin ƙishi. Aibinta ɗaya, shagwaɓa yara. Duk sanda na zo fitar da su rana in gwada ko aikina ya ci, sai ta hura mini sanyi a hannu, in mayar da faifai. In suka mutu, me zan nuna?

Ajalinta a kan ƙaho ya zo. Ina Shinkafi wajen suna, ragon maƙwabcina Maitama ya tsinke igiya, ya shinshino danshi, ya yi mata karo guda. Waɗanda ke kusa sun ce kalmarta ta ƙarshe "fash" ce. Kwalabe suka wuni a rana, irin ranar da kaza ke yawo baki buɗe.

Na dawo na zauna dirshan, na yi kuka har na gode Allah. Na asalin duk sun bi ta. Sauran na ɗiga musu ruwan sukari, don dai kada a ce ban yi komai ba. Kafin magariba, jama'a, sai ga kumfa! Gwajin da ta hana ni yi tana raye, ta yi mini shi da ranta.

Ta bar faifai, da moɗa, da marayun yis masu cin sukari ba kunya, da ni.

Za a binne tsingaronta gobe da hantsi a gindin darbejiyar ƙofar gida, ban da gindinta, wanda kaji suka gada don shan ruwa. Comfort mai gidan burodi za ta raba wa masu ta'aziyya burodin da marayun suka kumbura. Maitama yana iya zuwa, babu komai. Ragonsa kuwa na sa shi cikin waɗanda na gode wa a rahoton bincike, sauran magana sai Babbar Sallah.