Yadda Na Tumɓuke Iyakar Gonar Malam Bawa

Ko da zan manta da komai na zamanin ɗalibtata, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ta farkon damina ba, ranar da na yi wa gwamnati aikin da ba ta sa ni ba, na kuma yi shi da iyakar ƙarfina.

Lokacin ina shekara ta biyu a karatun safiyo, wato awon ƙasa da zanen taswira, aka tura mu koyon aiki na wata huɗu. Ni aka kai ni wani ofishin filaye a Talata Mafara. Da yake ni ba mai magana ba ne (a ajinmu akwai waɗanda sai a zangon ƙarshe suka fara jin muryata), tun ranar farko aka gane inda na dace, aka tura ni ɗakin fayil. Can na samu abin da raina ke so. Ga tsofaffin takardun mallaka, ga taswirorin da gara ta cinye unguwa guda a cikinsu, ga ƙorafe-ƙorafen gonaki daga Bakura da Maradun waɗanda aka rubuta da hannu tun kafin a haife ni. Na kakkaɓe, na jera, na manna wa kowanne lamba. Masinjan ofis ya rantse cewa tun da ya fara aiki bai taɓa ganin daɓen ɗakin ba sai da na zo.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun yanzu. Ni ɗan Mafara ne, nan aka haife ni, nan na girma, a garin da kusan kowa ke da gona. Amma mahaifina tela ne, kuma ko shagon ɗinkin ba a cika tura ni ba, don in aka aike ni da yadi sai in tsaya a hanya ina karanta tsohuwar jaridar da aka naɗe shi da ita. Gona kuwa ta tagar mota nake gaisawa da ita.

Wata rana babban safiyon ofis, wanda kowa ke kira Oga Sani, ya miƙo mini wani fayil ya ce in karanta, gobe zan raka shi fili. Fayil ɗin wani dattijo ne, Malam Bawa, a wani ƙauye kan hanyar Bakura. Yana neman a auna gonarsa a ba shi takarda, don ya tsufa, ba ya son ya mutu ya bar wa 'ya'yansa rigima. Rigimar kuwa da maƙwabcinsa ce, Alhaji Labbo. Malam Bawa ya ce iyakarsu gamba ce da mahaifinsa ya dasa, layi ɗaya daga gindin tsamiya har bakin hanyar shanu. Alhaji Labbo ya ce ya yarda da layin, sai dai tushe uku na ƙarshe an matsar da su cikin gonarsa, an ci masa kunyar shuka biyu. An shirya maigari zai zo ya duba gambar da idonsa kafin a kafa turakun siminti.

Sau uku na karanta fayil ɗin. Kalmar gamba ma har layi na ja mata da jan biro. Na san gamba sarai: ita ce ake saƙa zana da ita, kuma gidan kakata zana ce ta kewaye shi. Abin da ban taɓa tambayar kaina ba shi ne, yaya take kama kafin ta zama zana.

Motar ofis ba ta tashi ba, don haka babur ɗin Oga Sani muka hau. Shi yana tuƙi, ni ina baya rungume da akwatin na'ura, ƙafafunta uku a ɗaure a bayana kamar mai tafiya farauta. Na sa farin yadina na Juma'a, saboda a ganina ranar farko ta fita fili ba ranar wasa ba ce. Muka bi gefen magudanar ruwan Bakolori, muka saki kwalta, muka isa gonar da hantsi. Babu kowa. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, ƙasa ta yi laushi, gero ya fara leƙowa.

Oga Sani ya sauke ni a gindin tsamiya ya ce, "Bari in shiga gari in gaida maigari, in taho da su. Kai kuma ka share mana layi daga nan zuwa hanyar shanu. Kada in dawo in tarar da abin da zai tare mana awo."

Abin da yake nufi, kamar yadda na fahimta daga baya, wasu rassan ƙaya ne guda biyu da iska ta jefo kan layin. Aikin minti ɗaya. Na so in tambaye shi me da me zan share, har na buɗe baki, sai na ji kunya kada ya ce ɗalibin shekara ta biyu bai san share layi ba. Na ce, "To, Oga."

Na janye ƙayar. Sai na tsaya na dubi layin da idon mai ilimi. Ga wata ciyawa nan tsibi-tsibi, kowane tsibi da faɗin faifai, busassun kara a tsakiya, sabon tofo kore a gefe, sun jeru tun daga tsamiya har inda ido ya tsaya. Na ce a raina, lallai manoman nan akwai sakaci. Ko'ina sun nome tas, amma daidai inda gwamnati za ta ja igiyar awo sun bar ciyawa. A littafinmu an rubuta cewa igiya sai ta kwanta sambal a ƙasa, in ta hau tudu awo ya ɓaci. (Wai ni a lokacin har mamakin yadda ciyawar ta jeru a miƙe na yi, na ce ikon Allah.)

A wata 'yar bukka na samu fartanya. Na naɗe hannun riga, na yi bisimilla, na fara.

Duk wanda ya taɓa tumɓuke tsohon tushen wannan ciyawa ya san ba aikin ɗan tela ba ne. Saiwarta ta kama ƙasa kamar da gayya. Kafin in gama na biyar tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu, kafin na goma farin yadi ya koma kalar kunun kanwa. Amma ni mutum ne da ba ya barin aiki rabi. Kuma ba tumɓukewa kawai nake yi ba. In na cire tushe sai in mayar da ƙasa cikin ramin, in tattake, in share da tafin hannu, yadda ba wanda zai ce an taɓa wurin. Tushen kuma in kai shi gindin tsamiya in jera, manya a ƙasa, ƙanana a sama.

Ina tattake ramin ƙarshe sai wani Bafulatani dattijo ya biyo hanyar da shanunsa. Ya dogara sanda ya daɗe yana kallona.

"Sannu da aiki, malam. Mi kaka yi nan?"

Na share zufa na ce, "Aikin gwamnati ne, baba."

Ya dubi tsibin da ke gindin tsamiya, ya dube ni, ya ce, "To. Allah shi ba gwamnati sa'a." Ya kaɗa shanunsa. Da yake babu sauran abin da ke nuna musu inda gona ta ƙare, suka bi ta kan ƙarshen layin suka tattake shi son ransu.

Tushe ashirin da bakwai na cire. Na mayar da fartanya inda na ɗauko ta, na kafa na'ura, na tsaya kusa da ita ina jiran yabo.

Wajen azahar suka iso: Oga Sani, da maigari, da Malam Bawa, ɗan tsamurmurin tsoho mai farin gemu, da Alhaji Labbo cikin babbar riga, da mutanen gari kusan ashirin da suka biyo kallo. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ina durƙushe ina amsa "lahiya lau" ƙasa-ƙasa. Sannan maigari ya ce, "To Malam Bawa, gwada muna iyakarka."

Malam Bawa ya matso gaba da ƙarfin gwiwa. "Ranka shi daɗe, ga ta nan, gambar da tsohona ya dasa da hannunai, tun daga..."

Ya miƙa hannu. Hannun ya tsaya a sama. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya waiga ya dubi tsamiya ko ya ɓata gona ne. Fili fetal, a share kamar masallacin Idi.

"Ina gambata?"

Sai wani daga baya ya ce, "Ga ta can an jera ma ita gindin tsamiya, kamar za a kai kasuwa."

A wannan lokacin ne jan layin da na ja a fayil ya faɗo mini a rai. Na dubi tsibin, na tuna zanar gidan kakata. Ido arba'in suka sauka a kan rigata da hannuwana. Babu buƙatar bincike.

Oga Sani ya matso kusa da ni, murya can ƙasa. "Me ka yi?"

"Na share layi, Oga."

"Ka share layi."

"Har ramukan na cike," na ƙara da cewa. Har yau ban san abin da ya sa na faɗi wannan ba. Ina jin so nake a san ban yi aikin ha'inci ba.

Wurin ya fashe da dariya, har maigari sai da ya rufe baki da hannun riga. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Malam Bawa ya tsuguna a gaban tsibin yana shafa saiwoyin, ya ce, "Wanga yaro, shekara sittin ko akuya ba ta tuge ta ba. Shaidata ke nan, ba ni da wata." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Maigari ya ce tunda ni na tona, ni zan nuna inda na tona. Haka na shiga gaba, jama'a na biye da ni, ina sunkuye ina neman inda ƙasa ta fi duhu. Ni da ban iya magana gaban mutum uku ba, ga ni ina cewa "nan" da ƙarfi, ana kafa kara. Wani ya ce, "Ku bi shi a hankali, kada shi ga tsamiyar ta tare mai awo." Da kyar da addu'a muka samo ashirin da huɗu, kuma duka ɓangarorin suka yarda da su.

Saura uku na ƙarshe, su ne ake rigima a kansu, kuma nan ne shanu suka bi. Babu komai sai sawun kofato. Na duba, na sake dubawa, na durƙusa na tona da yatsa. Malam Bawa yana tsaye a kaina, ina jin numfashinsa. Na so in nuna ko'ina don in huta, amma in na yi kuskuren taku ɗaya, turken siminti za a kafa a wurin, kuma takarda za ta bi turken har jikoki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, nan ban sani ba."

Maigari ya ce in babu shaida, sai dai a raba kunya biyun, kowa ya ɗauki ɗaya. Malam Bawa ya sunkuyar da kai.

Sai wata murya daga cikin jama'a ta ce, "Kai, Alhaji akwai sa'a. Ko dai shi ya aiko yaron tun da sahe?"

Wani ya karɓa, "Awo, ka ga ma har shanu anka turo su gama aikin."

Alhaji Labbo ya juya a fusace. "Wa ya hwaɗi haka? Ni? Ni zan aiko wanga? In zan aiko mutum, sai in rasa wanda zan aiko sai mai noma da rigar Juma'a?"

"Mu dai abin da munka gani munka hwaɗi, Alhaji."

Mutumin da ke zama sahun gaba a masallaci, a ce har ya mutu ana nuna kunya ɗaya ana cewa yaron gwamnati ya tono masa ita. Ya fizge sandar wani, ya taka cikin sawun shanun ba tare da ya ko duba ƙasa ba, ya caka. "Ɗaya nan!" Ya ƙara taku huɗu. "Ɗaya nan! Ta ukun ga ta nan, kusa ga wanga dutse. Ku dasa abinku, kada wani ya sake ambaton sunana."

Maigari ya bi wuraren uku da kallo, ya hango sauran karan da muka kafa. Sun miƙe sak da juna, layi ɗaya har tsamiya, babu inda ya karkata.

Ya ce, "Alhaji, ai wanga layi bai shiga gonarka ba. Nan ne inda Malam Bawa ke hwaɗi tun bara."

Wanda ya fara tsokanar ya ce, "Ashe ka san wurin haka, Alhaji? Ko safiyo bai kai ka ba!" Wannan karon har Malam Bawa sai da haƙoransa suka bayyana.

Kada a ɗauka an yafe mini. Maigari ya yanke cewa wanda ya tuge shi zai dasa. Oga Sani ya yi awonsa shi kaɗai, ya kafa turaku, ya hana ni ko taɓa igiyar, ni kuwa na koma ɗaukar tushe ɗaya-ɗaya ina mayarwa, ina ɗebo ruwa a kududdufi da tsohon bokiti ina zubawa. Malam Bawa yana zaune a inuwa yana ba da umarni: "Danna ta da ƙahwa, ɗan boko, ba takarda ba ce." Da na gama ya miƙo mini fura a ƙwarya ya ce in sha, amma kada in sake zuwa gonarsa sai yana nan.

A hanyar komawa, da muka hau kwalta, Oga Sani ya ɗan waigo. Sannan ya ce, "Shekara ashirin ina aikin nan. Na ga wanda ya matsar da iyaka, na ga wanda ya musanta iyaka. Wanda ya kwashe ta gaba ɗaya ya jera a inuwa, kai ne na farko." Kafin mako ya ƙare duk ofis Sarkin Noma ake kirana.

Takardar Malam Bawa ta fito bayan wata biyu, da kunyarsa biyu cif. Abin da na koya kuwa ba ya cikin manhaja: tambayar da za ta sa mutum ɗaya ya yi maka dariya, yi ta da wuri, kafin gari guda ya taru. Yanzu in na je fili, ko tsinke na gani a tsaye, sai na yi sallama na tambayi wanda ya kafa shi.