Malam Sabjek da Cittar Mama Regina

Allah ya yi wa makarantarmu da ke bayan Kafanchan gata a shekarar 1976, da jirgin ƙasa ya sauke mana Malam Silvanus. Kwas ɗin wata uku ya yi a Zariya, ya dawo da alƙalami huɗu a aljihun gaba.

Ranar farko ya tara mu, mu malamai biyar. "Turawa suna da kalma guda, sabjek. A aji darasi ce, a nahawu mai yin aiki, a kotu talakan gwamnati, a asibiti wanda ake gwaji a kansa. Duk inda ta shiga, na riga ta shiga."

Muka tafa. Ni na fi kowa tafi, ba zan ɓoye ba. Tun ranar ya zama Malam Sabjek, ya kuwa ɗauka digiri ne.

Da damina ta kawo kai, Mama Regina, shugabar zumuntar matan coci, ta ba gonar makaranta irin cittarta kaf, a kan in an girbe a mayar mata da iri. Ba ta rage ko ƙwaya a gida ba. Muka shuka, muka rufe kunyoyin da ganye yadda iyayenmu suke yi, don kada rana ta ƙone irin.

Malam Sabjek ya zo, hannu a baya.

"Wannan gona ce ko juji? Sufeton makarantu na zuwa Litinin. A littafin noma, layi fes yake. A share!"

Dukanmu a gonar citta muka yi rarrafe. Amma wa zai yi musu da mai alƙalami huɗu? Muka share tas, har na bi da tsintsiya don kada a ce ban waye ba. Sufeto bai zo ba. Ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyu, rana ta gasa irin kamar doya a murhu.

Da Mama Regina ta zo, Malam ya gyara murya. "Wannan batu ya bar fannin noma, Mama, ya koma fannin yanayi."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ni ta kalla, na ji kunya har cikin ƙashi.

"Shi baƙo ne, bai san citta ba. Kai fa, Bartholomew? Ba ni na goya ka a gonan baban ka ba?"