Gwangwanin da Na Zuba Maƙwabtana a Ciki

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan da aka yi a gidanmu na haya a Gyaɗi-Gyaɗi ba, ranar da saura ƙiris a ɗora mini kayana a ka.

Lokacin ina shirya wani labari ne da zan saka wa matan zaurenmu na waya. Kano ce bayan shekara ɗari, wani jirgi ya sauka a Hotoro ba ƙara ba hayaƙi, halittun cikinsa suna ɗauke fuskar mutum su saka. Ba a gane su sai da abu ɗaya: ba sa ƙifta ido. (Ni da na ƙirƙiro su, sai da na yi sati ina leƙa idon 'yata Ummi.)

Matsalata mutanen labarin ne. Karatuna bai yi nisa ba, in na rubuta mutum biyar sai in manta wane ne wane. Sai na ari matan gidanmu. Inna Talatu, dattijuwar da ke riƙe mini Ummi in na fita, tana tari sau biyu kafin ta yi magana. Maman Ngozi tela kuwa da allura a baki take yini. Kowacce na rubuta sunanta da ƙarshenta a 'yar takarda, na tsinto ƙyallen zaninta a sharar ɗinki don in gane ta ba sai na karanta ba, na naɗe. Wadda za a ɗauke wa fuska jan zare, wadda za ta mutu baƙi. Na soke su da allura kada su warwatse, na zuba a gwangwanin madara.

Irin gwangwanin da nake ajiye gishiri.

Ranar sunan ana tsakiyar girki aka ce gishiri ya ƙare. Ni uwar gwaninta na ruga ɗaki na ɗauko, na miƙa wa Inna Talatu, wadda kwananta uku ke nan da tashi daga zazzaɓi. Ta buɗe. Ta yi tari sau biyu.

Ta zaro ƙulli ɗaya, ƙyallen zanin da ke jikinta, ɗaure da baƙin zare. Wata baƙuwa daga Darmanawa ta warware ta karanta da ƙarfi: "Talatu. Za ta mutu kafin kowa."

"Innalillahi," in ji Inna a hankali. "Maman Ummi, ni? Ni da nake goya miki 'ya?"

Maman Ngozi ta tsinci nata, ta ja baya. "Jesu! Ni kuma an rubuta wai za a cire mini fuska!"

Ummi ta taho za ta hau cinyar Inna, wata ta janye ta. In aka ce ina asiri, wa zai sake taɓa 'yata?

"Wallahi labari ne," na ce. "Mutanen sama ne."

"Aljanu ke nan!" in ji baƙuwar.

Da ƙyar aka bar ni na ɗauko littafina. Na tsaya gaban mata ashirin ina karantawa, ina haɗa baƙi kamar 'yar aji ɗaya. Da na kai inda halittar ta ƙwanƙwasa ƙofa da fuskar Maman Ngozi, sai na ga mata suna satar kallon idon juna. Shinkafa har ta kama.

Inna ta miƙa hannu, ta ɗauki Ummi ta ɗora a cinya.

"To ke don Allah, duk gidan nan ni kika raina? Shafi biyu kin kashe ni? Ki canja zaren nan. Ni zan kori jirgin."

Na canja. Yanzu mutanen labarina sunayen ƙarya gare su, gishirina kuma a roba yake. Amma har yau Maman Ngozi ƙona sharar ɗinkinta take yi, kuma in muka gaisa sai ta ƙifta mini ido da gangan, har sau uku.